Na'urar da ta kasa ganin fitilar ƙofar gidan Kawu

Waɗanda suka aiko suna tambayar dalilin da ya sa wannan fili bai fito ba a makon jiya, na gode da kulawa, lafiyata ƙalau. Gida na je, Gummi, da niyyar kwana biyu, sai na ɓuge da kwana biyar. Abin da ya riƙe ni kuwa wata 'yar na'ura ce da ba ta fi gwangwanin madara girma ba, wadda ta kafe a kan ba ta ga fitilar ƙofar gidan kawuna ba, alhali fitilar tana nan rataye inda aka kafa ta.

Kawu ya haura shekara 80. A ƙuruciyarsa fataucin hatsi ya yi tsakanin Gummi da Daki Takwas da Nasarawar Burkullu har zuwa Anka, amma yanzu gani ya ja baya, gwiwoyi kuma sun ƙi. Da daminar da ta wuce karnuka suka yi haushi cikin dare, ya tashi yana lalumen makunnin fitilar waje, ya yi tuntuɓe da buta ya faɗi, ya yi mako uku yana jinyar ƙugu. Wanda ba ɗan yankinmu ba zai ce me ya kai tsoho tashi don kare ya yi haushi? Mu da muka san halin da yammacin Zamfara ke ciki a 'yan shekarun nan, mun san babu magidancin da zai ji haushin kare da ƙarfe 2 na dare ya gyara kwanciya.

Babban ɗansa, wato taubashina da ke aiki a Abuja, ya ce ba za a sake ba. Ya aiko da faifan sola da batir da inbata, da rauta mai ɗaukar layin waya don samar da Wi-Fi, da ƙananan makunnai huɗu masu karɓar umarni daga nesa: na fitilar ƙofar gida, na fitilar ɗaki, na fanka, da na injin da ke tura ruwa tanki. Ya haɗo da wata 'yar kwamfuta mai suna Raspberry Pi, da na'urar sauraren murya ta Echo, wadda ake kiran muryar da ke cikinta Alexa. Manufarsa ita ce Kawu ya yi magana daga kan gadonsa fitila ta kama. Wani mai aikin sola daga Anka ya zo ya haɗa komai, kuma ya yi aiki mai tsabta. Daga wayar hannu kana taɓawa fitila za ta kama, fanka ta juya. Amma da aka umarci na'urar murya ta nemo kayan gidan, sai ta yi shiru na kusan daƙiƙa 45, sannan ta ce ba ta sami komai ba. Aka maimaita har aka gaji. Mai sola ya ce jabu aka sayar wa taubashina, taubashina ya fara shirin sayen wata, Kawu kuwa ya mayar da ita wurin rataye carbi.

Da na gaishe shi na tambayi labarinta, sai ya ce, "Ɗana, wagga aba taku kurma ce ko makauniya? In makauniya ce, to mun zama biyu a ɗakin."

Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai. Washegari na shiga kasuwa na ɗauko wani matashi mai gyaran waya, ɗan asalin Bukkuyum, wanda ya yi difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda. Abin da ya fara yi shi ne ya hana kowa taɓa sukurdireba. Ya ce, "Yallaɓai, tunda waya tana kunna fitilar, makunnan lafiyarsu lau. Tunda kuma na'urar tana amsa gaisuwa, ita ma lafiyarta lau. Hanyar da ke tsakaninsu za mu bi."

Kafin in kawo abin da muka gano, ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake aiki, domin rashin sani ya fi dare duhu. Kamfanoni daban-daban ne ke ƙera irin waɗannan kaya, kuma kowane da harshen da kayansa ke ji. Na'urar murya ba ta jin harshen makunnan da ke gidan Kawu kai tsaye. Saboda haka ake sa wata manhaja a tsakani, wadda masu sana'ar ke kira gada, amma ni na fi ganin ta a matsayin tafinta. A gidan Kawu, manhajar Home Assistant ce ke wannan aiki a cikin 'yar kwamfutar nan. Manhaja ce ta kyauta wadda wani ɗan ƙasar Holand, Paulus Schoutsen, ya fara a 2013, kuma masu sa kai daga ƙasashe da dama ke ci gaba da gina ta. Dabarar da ake yi ita ce, tun 2012 kamfanin Philips ya fito da ƙwayayen fitila masu suna Hue tare da akwatin da ke sarrafa su, kuma na'urar Echo ta iya magana da wannan akwati a cikin gida. Sai gadar ta yi shigar burtu, ta gabatar da kanta a matsayin akwatin Hue, ta jero duk kayan gidan a matsayin fitilu. Shi ya sa a idon na'urar murya, injin ruwan Kawu ma fitila ne.

Neman kayan kuwa kamar shela ce a unguwa. Na'urar murya tana aika kira guda ga duk wanda ke kan Wi-Fi ɗin gidan, ta wani adireshi na gama-gari, 239.255.255.250, a ƙofa mai lamba 1900, tana cewa wa ke nan? Gadar ta amsa, ga ni, ga adireshina, ga ƙofar da za a same ni. Sai na'urar ta je wannan ƙofa ta karɓi takardar gabatarwa, sannan ta nemi jerin fitilu. Matakai uku ke nan: shela, amsa, ziyara. Duk wanda ya karye a cikinsu, sakamakon ɗaya ne, na'urar za ta ce ba ta ga komai ba, kuma ba za ta faɗi wanne ne ya karye ba. Wannan shirun shi ke sa mutane zargin jabu.

Matsala ta farko a wurin shelar take. Rautar gidan tana da Wi-Fi iri biyu, na gida da na baƙi. Da yaran maƙwabta suka sami lambar sirri suna cinye data, mai sola ya buɗe na baƙi ya rubuta lambarsa a takarda, kuma da wannan takarda aka haɗa na'urar murya. Ita kuwa 'yar kwamfutar tana ɓangaren gida. An ƙera Wi-Fi na baƙi ne musamman don wanda ke kansa ya fita intanet amma kada ya ga kowa a cikin gida. Wato an ajiye mai shela a zaure an rufe ƙofar shiga, yana ta kira, mutanen cikin gida ba sa ji. Muka mayar da ita ɓangaren gida. Matashin ya kuma duba ya tabbatar ba a kunna wani saiti da ke hana kayan da ke kan Wi-Fi ɗaya ganin juna ba, domin wasu rautoci suna zuwa da shi a kunne. Ya ƙara da cewa yawancin ƙananan makunnan nan zangon 2.4 kaɗai suke kamawa, ba sa kama zangon 5, don haka wanda ya kashe na farkon ya yanke su ke nan. Muka sake nema. Babu.

Matsala ta biyu a wurin ziyarar take. A bayanan da 'yar kwamfutar ke ajiyewa, matashin ya nuna mini cewa yanzu shela tana isowa, gadar kuma tana amsawa, amma ba wanda ke zuwa karɓar jerin. Dalili shi ne lambar ƙofa. Gadar tana zuwa ne a saite a ƙofa ta 8300, kuma a da hakan yana wadatarwa, amma tun 2019 na'urorin Echo ƙofa ta 80 kaɗai suke ƙwanƙwasawa idan suna neman akwatin Hue. Mai sola ya bi wani tsohon bidiyon koyarwa ne da aka ɗauka kafin wannan sauyi. Layi ɗaya aka gyara, aka mayar da 8300 ya zama 80, bayan an tabbatar babu wata manhaja da ta riga ta tare wannan ƙofa. Muka sake kunna kwamfutar, muka ba da umarni, sai muryar ta ce ta sami abubuwa huɗu. Yaran gidan suka yi sowa. Na kira taubashina na ce ya riƙe kuɗinsa, ko kuma ya aiko mini da su ladan gyara.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Da safe Kawu ya gwada, muryar ta ce fitilar ba ta amsawa. Matashin ya dawo, tambaya ɗaya ya yi: wuta ta ɗauke cikin dare? Aka ce batir ya yi ƙasa wajen ƙarfe 4, inbata ta kashe kanta, sai da rana ta fito ta dawo. Ya ce to ga ta nan. Duk lokacin da rauta ta mutu ta farfaɗo, tana iya sake raba wa kayan gida lambobin adireshi, wanda ya riga isowa ya riga samu. Jiya adireshin 'yar kwamfutar yana ƙarewa da 104, yau ya koma 107, na'urar murya kuwa tana can tana sallama a tsohuwar rumfa, mai rumfa ya koma wani layi. Maganin shi ne a shiga rauta a keɓe wa kwamfutar lamba ɗaya ta dindindin, a rubuta wannan lamba a saitin gadar, a goge tsofaffin sunaye daga manhajar na'urar murya, sannan a sake nema. Ya kuma ba da shawara a sa wa rauta da kwamfutar ɗan ƙaramin batir nasu na daban, tunda wutar da suke ci ba ta taka kara ta karya ba. Wannan matsala ta uku ita ce tamu ta gado. A ƙasashen da aka ƙera kayan, rauta takan yi watanni ba ta mutu ba, a wurinmu kuwa tana iya mutuwa kowane dare.

Da a nan labarin ya tsaya, da ban ɓata muku shafi a kansa ba. Abin da ya sa na rubuta shi ne gwajin da muka yi a rana ta huɗu. Na ce wa matashin ya zare layin waya daga rautar mu gani. Ya zare. Wi-Fi na nan, sola na nan, gada na nan, makunnai na nan, waya tana kunna fitila yadda ta saba. Amma da Kawu ya yi magana, na'urar ta ba da haƙuri ta ce ba ta iya kaiwa ga intanet. Dalili kuwa shi ne ba a cikinta ake fahimtar maganar ba. Tana ɗaukar muryar ne ta aika wa manyan kwamfutocin kamfani a wata nahiya, can a tantance abin da aka ce, a dawo mata da amsa, sannan ta juya ta gaya wa gadar da ke taku biyar daga inda take. Maganar Kawu sai ta ƙetare teku ta dawo kafin fitilar ƙofarsa ta kama.

Ga mutumin Zamfara wannan ba tatsuniya ba ce. A ranar 3 ga Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanonin waya su rufe sabis a faɗin jihar saboda matakan tsaro, a zamanin Gwamna Bello Matawalle. An ce mako biyu ne da farko. An buɗe na Gusau a farkon Oktoba, amma sauran ƙananan hukumomi sai ƙarshen Nuwamba. Kusan wata uku mutanen Anka da Bukkuyum da Gummi suna aika saƙo a takarda ta hannun direbobi kamar zamanin kakanni. Ba muhawarar dacewar wannan mataki nake son tayarwa yau ba. Abin da nake cewa shi ne ya faru, kuma ko ba a rufe da umarni ba, sabis a ƙauyukanmu yana zuwa ne yana tafiya. Daren da aka fi buƙatar fitilar ƙofar gida yana iya zama daren da babu sabis.

Kada a ɗauka mu kaɗai abin ya shafa. A ranar 7 ga Disamba, 2021, wata tangarɗa a manyan kwamfutocin Amazon da ke gabashin Amurka ta sa kayan gida masu dogaro da su suka daina amsawa na sa'o'i a gidajen mutane da yawa. A watan Afrilun 2022 kuma kamfanin Insteon, wanda ya daɗe yana sayar da makunnai irin waɗannan a Amurka, ya kashe kwamfutocinsa ba tare da sanarwa ba, masu kayansa suka wayi gari manhajar wayarsu ba ta aiki, sai bayan kusan wata biyu wasu daga cikin masu amfani da kayan suka sayi kamfanin suka farfaɗo da shi. Waɗanda suka fi samun sauƙi a lokacin su ne masu gada a cikin gidajensu. A watan Oktoban 2022 manyan kamfanoni, ciki har da Apple da Google da Amazon da Samsung, suka fito da harshe guda na bai-ɗaya mai suna Matter don kayansu su riƙa jin juna a cikin gida ba sai da tafinta ba. Ci gaba ne, amma shi ma da shela yake neman kaya, don haka rautar da ta toshe shela za ta toshe shi, kuma bai kawar da buƙatar aika murya waje ba.

Akwai kuma batun harshe. An ƙaddamar da Alexa a 2014, ta koyi Jamusanci da Faransanci da Japananci da Hindi, a ƙarshen 2021 ta fara Larabci a Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, amma ba ta jin Hausa. Dattijon da ya yi shekara 80 yana ba da umarni a gidansa da harshen uwarsa, sai da jikarsa ta zauna ta koya masa kalmomi uku na Turanci kafin ya iya kunna fitilarsa. Ya koya, amma na ga yadda yake rage murya idan zai faɗe su. Ana iya gina mai sauraren murya da ke aiki a cikin gida ba tare da intanet ba, masu Home Assistant sun sa wannan a gaba tun 2023, sai dai ingancinsa a kowane harshe ya dogara ne da yawan muryoyin da aka tara aka koyar da na'ura da su. Shirin Common Voice na gidauniyar Mozilla yana karɓar muryoyin Hausa daga duk mai son bayarwa kyauta. Ina kira ga ɗalibanmu da malamansu su shiga, musamman mu na yamma, domin in muka bari aka tara Kananci zalla, ranar da na'ura za ta fara jin Hausa ma ba za ta gane Bazamfare ba.

Abin da ya warware mana matsalar a ƙarshe ƙaramin abu ne. Matashin ya kawo wani maɓalli mara waya, girman murfin kwalba, mai aiki da ɗan batirin agogo, da ɗan abin karɓar saƙonsa da aka soka a jikin kwamfutar. Maɓallin yana magana da gadar kai tsaye, ba ruwansa da intanet. Aka manna shi a jikin gadon Kawu, daidai inda hannunsa ke sauka. Dannawa ɗaya fitilar waje, dannawa biyu ta ɗaki. Muka sake zare layin waya, ya danna, ƙofar gida ta haskaka. Makunnan bango ma muka bar su suna aiki yadda suke, don ko kwamfutar ta mutu kada gida ya zauna a duhu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Abu ɗaya muka ƙi yi. Taubashina ya so a ƙara makullin ƙofa mai buɗewa da murya, matashin ya ce sam. Irin wannan gada mai shigar Hue ba ta tambayar kowa lambar sirri. Duk wanda ya hau Wi-Fi ɗin gidan zai iya ba ta umarni, kuma mun riga mun ga yadda lambar gidan ta zaga unguwa. Fitila da fanka in an yi wasa da su ɓacin rai ne kawai, ƙofa kuwa rai ce. Sakata ta ƙarfe tana nan inda take.

Sola tana ƙara shiga garuruwanmu, kuma a bayanta irin waɗannan kaya za su biyo, tunda 'ya'yanmu da ke birane suna son sauƙaƙa wa iyayensu. Niyya ce mai kyau. Shawarata ga mai saye ita ce ya yi wa mai sayarwa tambaya ɗaya kafin ya biya: idan sabis ya ɗauke, me zai ci gaba da aiki? In ya kasa amsawa, a zare layi a gwada a gabansa. Ga wanda kuma na'urarsa ta ce ba ta ga komai ba, kada ya yi saurin cewa jabu ce. Ya duba ko ita da gadar suna kan Wi-Fi ɗaya, ya duba lambar ƙofa, ya duba ko adireshi ya sauya bayan ɗaukewar wuta. Ga masu aikin sola kuwa, sanin waya da batir ya daina wadatarwa, sai an haɗa da sanin rauta, kuma cibiyoyin koyar da sana'a na jiha ya kamata su lura da haka. Mai solar Anka bai ji kunyar zama kusa da yaron da ya girme wa da shekara 15 yana rubuta abin da yake gani ba, kuma wannan ya ƙara masa daraja a idona.

Ranar da zan taho na shiga yi wa Kawu sallama. Na tarar ya mayar da carbinsa kan na'urar murya, hannunsa kuma yana kan maɓallin. Na ce, "Kawu, ai yanzu ta warke, tana gani." Ya ce, "Na sani, ɗana, Allah Ya yi muku albarka. Da rana muna gaisawa da ita. Amma da dare na fi yarda da wanda ke kwana cikin gida."

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.